Ranar da Aka Kai Rofiyah Ayutthaya

Shekara huɗu ke nan Rofiyah tana zaune a Bangkok, a wani ɗaki can ƙololuwar bene, inda in ta leƙa taga take hango motoci kamar jerin tururuwa. Ɗanta Manop ne ya ɗauko ta daga garinsu Ayutthaya bayan ta zame a matakalar gidanta ta karya ƙugu. Cewa ya yi ta zo ta warke, sai ta koma. Ƙugu ya warke, har tana zagaya ɗaki da sanda, amma maganar komawa ta zama yau da gobe. Duk sanda ta tada zancen sai ya ce ai ya zuba 'yan haya a gidan, ta bari wa'adinsu ya cika.

Da safiyar ranar bikin iyaye mata, matarsa Wanida ta shigo ta durƙusa, ta miƙa mata sarƙar fararen furanni masu ƙamshi, ta ce, "Mama, ki shirya. Yau yawon shan iska za mu kai ki, har Ayutthaya."

Rofiyah ba ta jira a maimaita ba. Ta ciro zaninta na ƙasan akwati, wanda rabonta da shi tun bikin Manop, ta yafa farin mayafi. Kafin su gama karyawa tana bakin ƙofa da sandarta.

A fadar sarki ta Bang Pa-In suka fara tsayawa. Manop ya yi hayar 'yar ƙaramar motar nan mai batir, ya zaunar da ita a gaba, suka yi ta zagaya lambun sarki: ciyawa shimfiɗe kamar darduma, shuke-shuken da aka yi wa aski suka fito siffar giwaye, rumfa mai ruwan zinariya a tsakiyar tafki. Ko'ina aka tsaya sai Wanida ta ɗaga waya.

"Mama, ɗan murmushi mana. Sai ka ce asibiti muka kawo ki."

"Haƙora huɗu suka rage mini, 'yar nan. Wanne kike so ki ɗauka?"

Manop ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Tun safe ta lura da shi, ya cika rawar jiki. Ya sayo mata ruwan kwakwa, ya sayo hula, ya riƙe mata laima da kansa. Rabon da ya yi mata irin wannan ladabin tun yana yaro, ranar da ya nutsar da kwalekwalen ubansa ya dawo gida yana share tsakar gida ba wanda ya sa shi.

Daga nan suka shiga tsohon gari. Rana ta take, jan bulon kufai yana huci. Turawa sun yi jawur suna bin jagoransu mai riƙe da tuta, 'yan matan Bangkok kuwa sun yi hayar kayan siliki irin na matan fada, suna ta karkace wuya a gaban gumakan da ba su da kai. Rofiyah ta zauna a inuwa tana kallonsu.

"Nan fa muke koro awaki da muna yara," in ji ta. "Kakata har dukanmu take yi, wai akwai macizai. Yau ga shi sai da tikiti."

Da suka zauna cin abinci a bakin kogi, aka kawo gasassun manyan jatan lande, ta ɓare ɗaya ta ajiye ba ta ci ba.

"To, mun ga gidan sarki, mun ga kufai. Saura gidana."

Manop ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi kwanonta.

"Mama, yau ranar hutu ce. In ba mu kama hanya da wuri ba, cunkoso zai riƙe mu. Kuma shiga wa 'yan haya ba sanarwa, ai bai dace ba."

"Kabarin ubanka fa? Shi ma akwai 'yan haya a ciki?"

Manop ya tashi ya biya kuɗin abinci. Suka tsallaka gada zuwa unguwar musulmi, ya faka mota a inuwar masallaci. Rofiyah ta shiga maƙabarta, ta nemi kabarin mijinta Yusop, ta cire ciyayin da hannunta ya kai, ta yi masa addu'a. Ana cikin haka aka kira la'asar. Manop ya ce ta jira shi a nan, ya shiga sahu. Wanida tana cikin mota, ta rufe gilashi tana shan sanyi.

A bakin ƙofar maƙabarta wata tsohuwa ke zaune bayan teburin alewar zare da roti, wato siririyar wainar fulawa da ake naɗe alewar a ciki. Ta ƙura wa Rofiyah ido, sai ta buga cinya.

"Wa nake gani haka? Mutanen birni! Kin yi fari fat kamar dafaffen kifi!"

Maimoh ce, maƙwabciyarta, wadda suka shekara arba'in suna sana'a ɗaya, suna ƙwace wa juna masu saye da safe, su ci abinci kwano ɗaya da yamma. Rofiyah ta ɗaga alewar ta duba.

"Har yanzu igiyar ɗaure saniya kike sayar wa mutane?"

"Bakinki dai bai karye ba." Suka rungume juna, Maimoh tana goge ido da gefen mayafi. "Amma ni fushi nake da ke. A ce ki sayar da gida ba ko sallama? Da kin gaya mini, ai da na karɓi kaskon nan naki."

"Wane gida?"

Maimoh ta dube ta. A hankali ta kai hannu ta toshe bakinta.

Rofiyah ta juya. Ta dogara sanda ta bi lungun da ƙafarta ta sani, ta bayan makarantar allo, ta gefen rafi. Tun daga nesa ta ga motoci jere a inda take shanya. Gidan yana nan a kan dogayen ƙafafunsa na katako, sai dai an goge shi yana ƙyalli. Mangwaron da Yusop ya dasa an rataye masa fitilu. A bakin matakala takalma sun fi na ƙofar masallaci yawa, ga allo da rubutu mai lanƙwasa: Gidan Kaka.

Ta cire takalmanta ta hau, taki ɗaya ta huta, taki ɗaya ta huta. Ɗakin da ta haifi Manop an cire masa ƙyaure, injin kofi na huci a ciki. Kaskonta na tagulla yana rataye a bango, an goge baƙin da wutar shekaru ta yi masa. Sama da shi kuma, cikin babban firam, ga hotonta tana da ƙuruciya, hannu biyu a buɗe tana jan alewa, tana hararar mai ɗaukar hoton.

Wata budurwa mai hidima ta taho ta haɗa hannu ta gaishe ta. "Sannu da zuwa, Kaka. Ku nawa ne?"

"Wace ce wannan?" Rofiyah ta nuna da sanda.

Yarinyar ta gyara tsayuwa, da ji ka san ta saba faɗa. "Ita ce kakar da ta zauna a gidan nan. Duk garin nan ba wanda ya kai ta iya alewa. Da ta rasu ne iyalinta suka damƙa mana gidan, don kada sunanta ya ɓace."

"Allah sarki. Me ya kashe ta?"

"Tsufa ne, ina jin."

"Mene ne sunanta?"

Yarinyar ta yi 'yar dariyar kunya. "Kaka dai muke ce mata."

Wani saurayi da budurwarsa, cikin kayan hayar nan na siliki, suka matso. Saurayin ya rusuna da ladabi. "Kaka, don Allah ɗan matsa kaɗan, za mu ɗauki hoto da marigayiya."

Ta matsa musu.

A gindin matakala Manop ya same ta, ya taho da gudu, ruwan alwala bai bushe a gashinsa ba. Tana zaune a kan taki na biyu tana neman takalmanta cikin na baƙi. Ya durƙusa a ƙasa, mutane na raɓa su suna wucewa.

"Mama..."

"Yi a hankali. Da matacciya kake magana."

"Wallahi ba ni na ce musu haka ba. Dabarar kasuwa ce kawai, su suka ƙirƙira."

"Hoton fa? Shi ma su suka ƙirƙira?"

Ya sunkuyar da kai. "Cewa suka yi a bar komai yadda yake. A kan haka aka yi cinikin."

"Har da ni a cikin cinikin ke nan."

"Mama, ki saurare ni. Gara ta cinye ginshiƙai. Kowace damina ruwa sai ya shigo. Aikin da aka yi miki a ƙugu, da me kike tsammani na biya? Baba da sunana ya bar gidan, ban yi sata ba. Yau na yi niyyar gaya miki. A lambu na ce sai mun je kufai, a kufai na ce sai mun ci abinci..."

"Da ka tambaye ni, da na ce ka bar ni da gurguntata a ɗakina."

"Na sani," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa ban tambaya ba."

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara zubewa kamar na ubansa. Ta nemi kuka ta rasa. Abin da ya fi ci mata rai ba sayarwar ba ce. Shekarun nan ne da ta yi tana tambayarsa ko 'yan haya suna ba mangwaro ruwa, shi kuma yana cewa suna ba shi.

Maimoh ta iso tana haki, ta bar teburinta ba mai tsaro. "Ki kwana wurina, 'yar uwa. Tabarma ba ta gagara ba."

Rofiyah ta san Maimoh a gidan surukinta take raɓe, ita da jikoki a ɗaki ɗaya. Ta girgiza kai. "Magungunana suna can. Ki dai riƙa leƙa mini Yusop."

A hanyar komawa cunkoson da Manop ya faɗa ya riƙe su. Ba wanda ya kunna rediyo. Sai da benayen Bangkok suka fara bayyana Rofiyah ta buɗe baki.

"Ran da na mutu da gaske, ka kai ni kusa da ubanka. Wannan kaɗai nake roƙo. In kuma kana da wani shiri, ka gaya mini tun ina ji."

Manop ya kifa goshi a kan sitiyari, har na baya suka fara yi masa hon.

Ta ci gaba da zama a ɗakin nan na sama. Tana cin abin da aka ba ta, tana amsa gaisuwa, amma ba ta sake tambayarsa komai ba, ko da farashin kifi ne. Da shekara ta zagayo Wanida ta zo da maganar zuwa bakin teku. Rofiyah ta ce su je, Allah ya kiyaye hanya, ita ta ga iyakar abin da za ta gani.