Sunan da Aka Kira Daga Ƙofar Baya

Sunan farko bai ba kowa wahala ba. Ranar da likita ta ce wa Janine cikinta namiji ne, ita da mijinta Nolan suka tsaya a kan Edmund, kuma har Kaka Loretta, kakar Nolan ta wajen uba, wadda ba ta taɓa duban abu ta rasa aibinsa ba, ta ce ba laifi. Rigimar tana kan sunan tsakiya.

A gidan Pruitt ba a zaɓar sunan tsakiya, gadonsa ake yi. Duk ɗan fari namiji Thaddeus ne, tun daga wanda ya fara sare daji ya kafa gida a wannan kwarin na Kentucky, kuma kowa da layinsa a shafin farko na babban Baibul ɗin da Kaka Loretta ke ajiyewa bisa fiyano. Layi na shida na Nolan ne. Na biyar na ubansa ne, Carl, wanda ya tafi Texas neman aiki Nolan yana ɗan shekara huɗu, kuma ga dukkan alamu har yau bai samu ba, don ko wasiƙa bai taɓa aikowa ba.

Wanda ya reni Nolan ba ya cikin littafin. Orville Sizemore, mai gyaran famfon rijiya, ya auri uwar Nolan shekara biyu bayan tafiyar Carl. Shi ya koya masa hawan keke, shi ya koya masa tuƙi, shi ya goyo shi daga bakin rafi har gida ranar da ya karye a ƙafa. Da ya nemi a mai da yaron ɗansa a takarda, Kaka Loretta ta ce sai dai bayan ranta, ta kuma ja wa jikanta kunne cewa mutum uba ɗaya gare shi. Haka Nolan ya tashi yana kiran mutumin Orville gatsau, kamar wani maƙwabci, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Bara uwar Nolan ta rasu, igiyar da ta ɗaure Orville da dangin ta tsinke. Kaka Loretta ba ta daina kiransa ba, a'a, tana kiransa duk lokacin da famfo ya lalace. In an gama cin abinci a aika masa da faranti a bakin matakala.

Wata rana Nolan yana cikin motar Orville za su sayo katakon gadon jariri, sai tsohon ya tambaya, idonsa a kan hanya, wai me yaron zai riƙa kiransa. Kafin Nolan ya buɗe baki ya ba kansa amsa, ya ce Mista Sizemore ma ya wadatar, kada a rikita yaro. Maganar ta soki Nolan har ƙahon zuciya. A nan take ya gaya masa abin da suka daɗe suna shawara da Janine. Orville ya kusa hawa kan shingen mutane.

“Ka rufa wa yaron nan asiri,” in ji shi. “Ni kaina da an ba ni zaɓi ba zan ɗauki sunan nan nawa ba. Shekara goma sha biyu ana mini dariya a makaranta. Kuma tsohuwar nan shekararta tamanin da shida, ka bar ta ta mutu cikin kwanciyar hankali.”

Gaskiya ita ce Nolan tsoro yake ji. Shekararsa talatin da ɗaya, yana da gemu, yana tuƙa babbar motar kashe gobara, amma bai taɓa ce wa kakarsa a'a ba. Kuma yana son ta, abin da ya ƙara wa lamarin nauyi ke nan.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci aka taru a gidanta kamar kullum, ga soyayyar kaza, ga wake, ga burodin masara. Famfo ya sake tsayawa tun jiya, don haka Orville yana can ƙarshen fili bakin rijiya, ana hango bayansa kawai da jar hularsa. Janine, da cikinta na wata takwas, ta zauna a gicciye don tebur ya daina karɓarta. Ta riga ta gaya wa Nolan cewa ita tata ta ƙare, in ya kasa faɗa ba za ta faɗa a madadinsa ba, don bashin ba nata ba ne, nauyin a wuyansa yake.

Ana kwashe kwanuka Kaka Loretta ta sa aka sauko da Baibul. Ta buɗe, sai ga layi na bakwai an riga an zana shi da fensir, Edmund Thaddeus Pruitt, ba abin da yake jira sai tawada da ranar haihuwa. Saura abu ɗaya. A kwarin nan ba a tabbatar da suna sai uban ya tsaya a ƙofar baya ya kwarara shi duka ukun, yadda za a kira yaron ranar da ya yi ɓarna ko ya ƙi dawowa cin abinci. In sunan ya kai bakin rafi, ya yi. In ya maƙale a maƙogwaro, a sake wani. Thaddeus dai sau shida yana cin wannan jarrabawa.

“Tashi, sarkin nawa,” in ji kakar. “Je ka gwada mana muryar nan da ka hana mu barci da ita kana jariri.”

Nolan ya tashi. Ya tura ƙofar raga, ya tsaya a bakin baranda. Ya dubi jar hular can nesa, ya cika ƙirji.

“Edmund Orville Pruitt!”

Karen gidan ya yi haushi sau biyu ya yi shiru. A bakin rijiya jar hular ta ɗago. A cikin ɗaki kuwa ba ka jin komai sai cokalin da Gwaggo Maxine, ƙanwar Carl, ta saki a ƙasa.

Kaka Loretta ta fito da sandarta, ba ta jira a riƙe ta ba. Ta tambaye shi ko wasa yake yi, ya ce ba wasa ba ne. Ta tuna masa cewa sunan ya girmi gidan da suke tsaye a ciki, cewa mutum shida sun ɗauke shi ba wanda ya ce ya yi masa nauyi, cewa Sizemore ba jininsu ba ne kuma ba zai taɓa zama ba. Gwaggo Maxine ta leƙo ta ƙara da cewa ko kare ba a sa wa suna Orville yanzu, sai ka ce sunan tsohuwar tarakta.

“Gwaggo, taraktar nan ita ta yi noman,” in ji Nolan.

Sai muryar kakar ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce kullum tana tunanin ranar da Carl zai dawo ya buɗe littafin, me za ta ce masa in ya tarar an yanke layin a kansa? Idonta ya cika da ƙwalla. Nolan ya ji tausayinta ƙwarai, don shekara ashirin da bakwai ke nan tana ajiye wa ɗanta kujera. Amma tausayin bai sa ya ja da baya ba.

“Kaka, in ya dawo ki ce masa ya zo wurina, ni zan yi masa bayani. Shi ya bar mini suna ya tafi. Wancan mutumin ya ba ni komai, ban da suna, don kin hana. To yau na ɗauka da kaina.”

“Ba zan rubuta shi a littafina ba.”

“Ki bar layin haka nan. Takardar asibiti ni zan sa wa hannu.”

Ta juya ta koma ciki, suka ji an rufe Baibul da ƙarfi. Ba ta yafe ba, kuma Nolan ya san zai daɗe bai ci kazarta ba.

Lokacin nan Orville ya riga ya taso, yana tafe a hankali yana goge baƙin mai da tsumma. Ya tsaya a ƙasan matakala, inda ya saba karɓar farantinsa. Fuskarsa ta yi ja kamar hularsa. Nolan ya shirya jin faɗa, don ya yi abin da aka roƙe shi kada ya yi. Tsohon ya dubi Janine da ta fito ta jingina da ƙofa, ya koma kallon tsummansa.

“Ba ka ja shi yadda ya kamata ba,” ya ce daga ƙarshe. “Na tsakiyar ake ja. Uwata in ta kira, har a gonar maƙwabtanmu su Tackett ana ji. Yadda ka yi ɗin nan, yaro yana bakin rafi sai ya ce bai ji ba.”

Nolan ya matsa gefe, ya bar masa wuri a bakin barandar.

“To hau ka nuna mini, Baba.”

Orville ya tsaya cak. Ya ninke tsumman gida huɗu, ya sa a aljihu, ya cire hularsa, sannan ya taka matakalar.