Takalman Roba

Ina da wani ɗan hali: ba na iya yin abin kirki in yi shiru. Ranar da likitan dabbobi ya yi wa shanuna allurar boru, ciwon nan na baki da kofato, kafin ya rufe akwatin ƙanƙararsa rabin unguwa sun ji labari daga bakina.

Ƙanin matata kuwa ya ce allura ɓata lokaci ce, ya je ya sayo bijimi daga nesa. Da na ji boru ya shiga garkensa, sai na zura takalman roba na tafi jaje. Na shiga har tsakiya, ina taka kashi da yawu, ina girgiza kai.

"Yaya, jaje ka zo ko duba-gari?" in ji shi.

"Haba, ni da kai? Sai dai da ka ji magana..."

"To, sarkin allura, mun gode."

Daga can na wuce kai tsaye wurin maraƙana na zuba musu ruwa. Su ne duk abin da na tara bana, su nake fatan su maye gurbin tsofaffin.

Ba a jima ba saniyar da ta fi ba da nono ta ƙi kiwo. Yawu na zuba kamar igiya, harshe ya saɓule, tana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Manyan suka rame, nono ya ƙafe. Maraƙan ko gyambo ba su tsaya yi ba. Da safe ka ga ɗaya yana tsalle, da yamma kana jan sa zuwa rami.

Na tare likitan a bakin garke. "Likita, ruwa ka ɗura musu?"

"Allurar lafiyarta ƙalau, Malam. Ƙwayar cutar ce iri-iri, kuma tana sauya kama. Mun yi ta irin da muka saba gani. Wannan baƙuwa ce, allurar ba ta san ta ba. Akwai wanda ya shiga garke mai ciwo ya dawo nan?"

Na ce ni dai iska nake zargi.

Matata na tsaye da bokitin tatsa, ba ko ɗigo a ciki. Ta dubi ƙafafuna, ta dube ni, ta shige gida.

Jiya muka binne maraƙi na ƙarshe. Ƙanin nata ne ya taya ni haƙa, a bakin rami ya yi mini jaje, na gaske. Shanunsa duk sun warke.