Kango a Layi na Talatin da Huɗu

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗo tun hantsi amma ya ƙi zuba, kowa sai sharce gumi yake yi. A ranar ne mai gyaran eriyar unguwa, wanda ake kira Mai Eriya, ya kafa akwatin intanet a rufin sabon shagonsa.

Akwatin ba ya bin waya. Layukan talabijin da babu tashar da ke kansu yake ara, ya raba wa unguwa intanet. Irin waɗannan layuka Mai Eriya yake kira kango. Ƙa'ida ita ce a gaya wa akwatin ainihin inda aka kafa shi, shi kuma ya binciko wane layi ne kango a wurin. To, ga kwanon rufi yana gasa masa tafin ƙafa. Sai ya bar shi da adireshin tsohon shagonsa na bayan tsauni, inda layi na talatin da huɗu yake babu kowa.

"Kango ai kango ne," ya ce, ya sauko abinsa.

Ranar Asabar da yamma, Gwaggo, tsohuwar da gidanta ke jikin shagon, ta leƙo ko mayafi ba ta gyara ba.

"Ɗan nan, yi wa Allah ka zo. Marigayi ake nunawa, ya fara magana ke nan fuskarsa ta farfashe."

Mijinta ne, tsohon direban bas, shekara uku da rasuwa. Wata tasha ta taɓa yin hira da shi, yau take maimaitawa, sau ɗaya tak. Gwaggo ba ta da muryarsa ko a waya.

Falon cike yake da 'ya'yanta mata da maƙwabta. A jikin talabijin, fuskar tsohon ta rarrabu ƙananan murabba'i, bakinsa a buɗe, ya daskare. Mai Eriya ya danna rimot don ya ga lambar layin. Talatin da huɗu. Layin da akwatinsa yake kai ke nan.

Maganin yana shagonsa, filogi ɗaya ne zai zare. Amma idan ya fita hoto ya dawo, wa zai kasa ganewa? Ga babbar 'yar Gwaggo, wadda bakinta ya fi reza, ta tsare shi da ido.

"A ba ni tsani," ya ce. "Eriya ce ta karkace."

Ya hau, ya kama sandar eriya, wadda lafiyarta ƙalau, ya murɗa.

"Ya dawo?"

"A'a!"

"Yanzu fa?"

"Malam, ko da ransa Baba bai taɓa yin shiru haka ba!" in ji babbar. Aka yi dariya, ban da Gwaggo.

Ya murɗa gabas, ya murɗa yamma. Daga inda yake tsaye yana hango akwatinsa, 'yar koriyar fitilarsa tana ƙifta masa ido. Can ya ji muryar Gwaggo ta taga, a hankali:

"Ku ce ya sauko, kada ya faɗo saboda ni. Ni dai muryar nake so, ko babu hoton."

Bai san lokacin da ya diro ba. Ya faɗa shago, ya fizge filogin. Ta bango ya ji muryar tsohon ta cika gidan, yana dariya, yana cewa bai taɓa barin fasinja a hanya ba. Sai kiɗan rufe shiri.

Da ya koma, babu wanda ya tambaye shi inda ya je. Gwaggo ta riƙe hannunsa da nata biyu, idonta jage-jage da hawaye.

"Ba don kai ba, da ko wannan ban samu ba. Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Gwaggo."

Kafin magariba ya hau ya gyara adireshin. Minti bakwai abin ya ci. Ranar Litinin ya kira tashar, suka ce ba su da niyyar sake nunawa, kuma ba sa ba da kwafi.

Shirin minti talatin ne. Gwaggo ta ga biyu a farko, uku a ƙarshe. Ashirin da biyar suka salwanta, goma sha takwas daga ciki yana kan tsani.