Muryar Bayan Ƙofar Takarda

Tokiko dai Allah bai ba ta fuskar shiga talabijin ba, murya ya ba ta, kakkaura mai ɗan ƙarce-ƙarce. A Nerima, unguwar masu zana majigin yara a Tokyo, irin wannan muryar abinci ce. Yaro namiji ba a ba shi aikin muryar yaro a majigin, don kafin a gama shiri muryarsa ta fashe. Manyan mata ke yi. Tokiko ce muryar Sabutaro, yaron nan mai hawan ƙaton kifi, da ake nunawa duk Lahadi.

Darakta Kurihara ya gargaɗe ta tun farko. "Yaro ya ga fuskar nan taki ta mai sayar da awara, an gama da mu."

"Kai ma da za a nuna taka, kifin ma guduwa zai yi," in ji ta.

Amma ta riƙe maganar. Ko ɗanta Haruo, mai shekara shida, bai sani ba. Uban yana can teku da jirgin kamun kifi, gidan su biyu ne. Haruo kuwa ba ya da gwani sai Sabutaro. Uwarsa? Mai dafa shinkafa ce kawai.

Wata rana zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi magani. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Sai ta zagaya bayan ƙofar takarda irin ta gidajen Japan, ta gyara wuya, ta ɗauko muryar Sabutaro.

"Kai Haruo! Ragon maza! Ɗan ɗacin nan kake tsoro?"

Ya shanye tas, har da lashe cokali.

To, dabara in ta yi daɗi ba a barinta. Daga magani aka koma wanka, aka koma cin kifi. Can sai yaron ya fara zuwa da kansa, ya durƙusa a gaban ƙofar ya kira. Ya faɗa wa Sabutaro wanda ke dukansa a makaranta, da fitsarin kwancen da ya ɓoye, da yadda yake tsoron babansa ya manta da shi.

"Kada ka gaya wa Mama fa."

"Ni da bakin mata? Haba!" in ji Tokiko, tana jin daɗin kanta.

Ana nan sai Kurihara ya ce za a rufe shirin, kuma Sabutaro zai nutse wajen ceton garinsu.

"Darakta, yara ne fa ke kallo," in ji Tokiko.

"Labarin da bai ciji mai kallo ba, kunu ne. Ki mutu min da kyau."

Ta kuwa mutu da kyau. Har mai ɗaukar sauti sai da ya share hanci. Ta dawo gida tana taƙama, bai ko faɗo mata a rai ta shirya yaron ba.

Ran Lahadi Haruo ya kalla, bai yi kuka ba, bai taɓa abinci ba. Da safe ya durƙusa a gaban ƙofar. "Sabutaro? Kana nan?"

Tausayi ya kama ta. Ta ja ƙofar, ta fito da fuskarta a fili, ta ce da muryar nan, "Ga ni, ragon maza! Ban mutu ba."

Tana jiran ya rungume ta. Ya dube ta, kunnuwansa suka yi ja.

"Mama... ke ce kika ji duka?"

Nan da ta durƙusa ta ba shi haƙuri, wa ya sani. Sai ta ga yadda ya zaro ido, dariya ta ƙwace mata. 'Yar kaɗan ce, ba ta fi atishawa ba.

Haruo ya tashi, ya ɗauki jakar makaranta, ya sunkuya mata kamar baƙuwa.

Yau yana Osaka da furfurarsa. Ɗa ne na kirki, duk sabuwar shekara sai ya zo mata da lemo. Da matarsa ta bar shi, a bakin ita matar ne Tokiko ta ji, bayan damina biyu. Ta buga masa waya.

"Lafiya lau nake, Mama," in ji shi. "Ki riƙa rufe ƙafafunki, akwai sanyi."