Tafarnuwa da Zuma a Gidan Surukai

Tun a motar da ta ɗauko su daga tashar Lampang, Khiem yake yi wa uwarsa Thoan karatu, sai ka ce shi ya haife ta.

"Inna, takalmi a bakin ƙofa. In kin zauna ki naɗe ƙafafu ta baya, kar tafin ƙafarki ya kalli kowa. Kar ki shafa kan yaro ko ya ba ki sha'awa. Kuma ki taimake ni ki rage murya, nan ba kasuwarmu ta Ha Tinh ba ce."

"To, uban ladabi. Numfashi fa, an yarda in yi?"

Bai yi dariya ba, sai a lokacin Thoan ta gane yaron a tsorace yake. Shekara shida yana gyaran babura a Tailan, shekara biyu yana neman wata yarinya, Sairung, uwarta Lamyai kuwa ko kusa ba ta son bakanike baƙo. Da aka matsa mata sai ta jingina maganar a kan yayanta, babban malamin ɗakin ibadar unguwar, irin masu aske kai da mayafi ruwan goro. In ya sa rana yau, aure ya tabbata. In ya ce a ƙara dubawa, to Khiem ya nemi wata.

"Wannan kwalbar kuma ki bar ta a mota."

"A'a, ban da wannan."

Tafarnuwa ce ta yi wata uku a jiƙe cikin zumar daji. Kwana biyu Thoan ta yi tana rungume da ita a bas, ta ƙetare iyaka biyu, kuma ba ta taɓa wayar gari ba ta sha cokali guda ba. Ta tura ta ƙasan jaka ta rufe da gyale.

Falon cike yake da dangi, kowa a ƙasa, malamin shi kaɗai a kan ɗan dandamali. Thoan ta naɗe ƙafafu har gwiwoyinta suna ƙara, ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, sai murmushi take rabawa. Ta lura matan gidan ba sa miƙa wa tsohon abinci a hannu. Wani ƙyalle yake shimfiɗawa, su ajiye a kai, ya janye. Abin ya tsaya mata a rai. A garinsu babba da hannu biyu ake ba shi, hannu da hannu, ajiye masa kuwa raini ne. Amma an ce ta yi shiru, ta yi.

Bayan ya ci abinci ya buɗe wani tsohon littafin kwanaki, ya tambayi ranar haihuwar yaran biyu, ya fara lissafi da yatsa. Sai tari ya sarƙe shi.

Busasshen tari ne, irin wanda ke kankare maƙogwaro. Ya kurɓi ruwa, ya koma kan littafin, tarin ya dawo. A na uku har idanunsa suka kawo ruwa, ya ɗora tafin hannu a kan shafin kamar mai shirin rufewa. Thoan ta dubi jakarta. Haba! A ɗage maganar ɗanta saboda tari, ga magani a jakarta? Mutum talatin a ɗaki, an rasa mai motsi, sai kallon tsoho suke yana shaƙewa.

Ba ta san lokacin da ta ja gwiwa ta isa gabansa ba. Ta murɗe murfin, kwalbar ta yi tsaki, warin tafarnuwa ya game falon. Ta ciko cokali ta miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye, yadda uwarta ta koya mata.

Tsohon ya janye hannuwansa cikin mayafi.

"Inna!" in ji Khiem daga baya, da wata murya da ba ta taɓa jin ya yi ba.

Ita kam ta san halin tsofaffin maza da magani, sai an yi musu dole. Ta kamo wuyan hannunsa ta danƙa masa cokalin.

Wata mata ta yi ƙara. Malamin ya zare hannunsa a hankali, cokalin ya faɗi, zuma ta ɗiga a mayafinsa. Shekara arba'in ke nan mace ba ta taɓa ko gefen tufarsa ba, har ƙanwar da suka sha nono ɗaya. Thoan ba ta san wannan ba, amma ta ga ya rufe littafin. Ta juya ta ga Lamyai tana murmushi, murmushin da bai kai zuci ba.

Khiem ya rarrafo ya kifa goshi a ƙasa. Ya daɗe yana magana da yarensu, bai ko kalli inda uwarsa take ba. Sannu a hankali fuskoki suka saki. Wata gwaggo ta dafa ƙirji tana girgiza kai. Tsohon ya dubi Thoan da taushin ido, ya ce wani abu, Khiem ya ɗauki kwalbar ya miƙa masa, shi kuwa ya karɓa tunda daga hannun namiji ne. Ya lasa, ya yamutsa fuska, aka yi 'yar dariya. Sannan ya sake buɗe littafin ya faɗi rana.

Wani sanyi ya ratsa Thoan. Ta ɗauka yabon maganinta yaron ya yi, har tana shirya yadda za ta ba da labarin a gida.

Sairung ce ta kawo mata ruwa bayan ta fito waje. Ta durƙusa, ta tallafa mata kofin kamar mai tsoron kar Thoan ta zubar, ta yi magana da guntun yaren da ta koya wurin Khiem.

"Inna, kar ki damu. Ya gaya musu komai."

"Me ya gaya musu, 'yata?"

"Cewa kanki ba daidai ba, tun da babansa ya rasu. Kina manta abubuwa. Ba komai, ni zan kula da ke."

Thoan ta ji kamar an kwaɗa mata mari. Ita da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa, wadda har gobe take iya faɗin ranar da aka haifi kowane yaro a ƙauyensu! Ta buɗe baki ke nan sai ga Lamyai a kansu, ta tsura mata ido, ba sauran murmushi. Ta yi tambaya a hankali, kalma bayan kalma, ta yi wa 'yarta alamar ta fassara.

"Mama ta ce, kin san a wane gari kike yanzu?"

Khiem yana tsaye a bakin ƙofa. Wannan karon ya kalle ta, idanunsa jajir, cike da roƙo.

Thoan ta ajiye kofin.

"Ce mata ban sani ba."