Kan Roba

Asibiti ya kafa doka: duk likitan da zai yi tiyatar hanci sai ya ci jarrabawa a kan na'ura. Ba a ware kowa ba, har tsohon likita, wanda a hannunsa rabin manyan sashen suka koyi riƙe almakashi. In ya faɗi, shi da ɗakin tiyata sai dai kallo.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen baranda, ba taga. Kan mutum ne na roba a kan tebur, da siririyar kyamara da ake zurawa ta ƙofar hanci, da allo mai nuna kogunan ciki. Ƙarfe na kusantar ƙashin da ya raba hanci da ido, na'ura za ta yi ƙara. Tsoho yakan bari matasa su watse sannan ya shiga ya gwada hannu. Bai yarda kowa ya nuna masa komai ba.

Ranar jarrabawa shugaban sashen ya tsaya a bayan gilashin ƙofa. Ɗalibin tsoho ne na dā, har yau tsohon yana kiransa Dogo. Dogo ya tuna masa akwai ƙayyadadden lokaci, kayan aiki kuma kowa shi ke ɗaukar abinsa. Tsoho ya ce ba kurma ba ne.

Hannunsa bai yi rawa ba, na'ura ba ta ce uffan ba. Aiki ya ja shi har ya manta roba ce. Da ya buƙaci wani ƙarfen, sai ya miƙa tafin hannu gefe, idonsa a kan allo. Haka ya saba. A ɗakin tiyata, Sista ma'aikaciyar jinya ce ke dangwara masa abin da yake so kafin ya buɗe baki, tana mita wai shi ko sannu bai iya ba. Sista ta daɗe da ajiye aiki, ta koma wajen jikokinta.

Hannun na nan a buɗe har allo ya mutu.

Dogo ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce aikin ba aibu, lokaci ne kawai ya ƙare, a sake a wata mai zuwa.

"Malam, ɗaukar almakashi ne fa kawai."

"Ban taɓa ɗauke ido daga hancin mutum don neman ƙarfe ba. Ba a kan roba zan fara ba."

Ya cire safar hannu ya jefa a kwando. A ƙofar ɗakin tiyata ya ji ana dariya a ciki, muryoyin da bai sani ba. Ya ɗan rage tafiya, sannan ya wuce.