Masaukin da Ke Neman Baƙonsa

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya kai ni ƙasar Kirgizawa, ni da ko Agadez ban taɓa wucewa ba. Na san dalili. Autata Barira tana can tana karatun likita, kuma kwana tara ke nan wayarta ba ta shiga.

Sai ga ni a cikin tsohuwar tirelata, wadda na yi shekara ashirin da shida ina ja kafin gwiwa ta ajiye ni. Babu komai a bayanta sai bargo guda ɗaya da uwar yarinyar ta ba ni saƙo, an ɗaure shi da igiya huɗu kamar lodin siminti. Na wuce Tafa, na karya kwana hagu, sai duwatsu masu farin kai suka tashi a gabana.

A bakin iyaka wani rago ne a zaune kan kujera, da hatimi rataye a wuyansa.

"Ka zo da sanyinka, ko a ba ka na nan?" in ji shi.

Na ce na zo da ɗan kaɗan daga Jos. Ya shinshina aljihuna, ya ce ba zai kai ni ko'ina ba, ya ƙara mini mudu biyu, ya buga mini hatimi a goshi. Na yi godiya na wuce.

Ban yi nisa ba hanya ta ƙare. Ba lalacewa ta yi ba. Tashi ta yi, ta karkaɗe jikinta, ta bi bayan garken tumaki zuwa kan tudu. Wani dattijo bisa doki, da doguwar farar hula, yana kora ta da sanda. Ya ce sunansa Temirbek, kuma Hausarsa ta Sakkwato ce tsantsa.

"Hanya ta tai kiwo," ya ce. "Sai ciyawar sama ta ƙare za ta sauko."

Na juya in duba motata, na tarar har ta shiga cikin dawaki tana cin ciyawa. Ban hana ta ba. Ta daɗe ba ta ci ba.

Na saɓa bargon a kafaɗa, na tambayi Temirbek inda matafiyi ke sauka. Ni na san masaukan bakin hanya, na kwana kan benci a Jebba, na kwana ƙarƙashin mota a Mokwa sauro na yi mini waƙa. Ya nuna mini can nesa. Wata bukka ce zagayayya, fara, an yi ta da gashin tumaki, hayaƙi na fita ta tsakiyar kanta. Tana tafiya a hankali bisa ƙafafun raƙumi.

"Kowane baƙo can yake kwana," ya ce. "Amma kada ka bi ta. Zamna, ita za ta biɗo ka."

Ban ji maganarsa ba, domin a daidai lokacin ƙanƙara ta fara tsirowa daga ƙasa, tana tashi sama zuwa kan duwatsu kamar ana kaɗa auduga. Na tuna Barira ko ruwan randa ba ta iya wanka da shi. Na zuba da gudu. In na matsa taku goma, bukkar ta matsa ashirin. Na kira ta, na yi mata tafi, har fito na yi mata irin na 'yan tasha. Wata gaggafa ta bi ni a sama tana ce mini, "Sannu, direba, sannu," ba ta fasa ba har gwiwata ta ƙi.

Na zauna kan dutse. Na ce a raina shi ke nan, na zo har nan na kasa kai wa 'yata bargo. Ina cikin share ido sai inuwa ta rufe ni. Bukkar ce ta zo ta tsuguna a kaina, kamar kaza kan ƙwai.

Ciki da ɗumi. A bakin ƙofa wata goɗiya ce da tabarau, tana buɗe babban littafi da leɓenta. Ba ta tambayi sunana ba.

"Wa ke damun ranka?"

"Barira Ɗanlami."

"Ɗaki na bakwai. Cire takalmi."

Bukkar ɗaki ɗaya ce, amma na ɗaga labule shida kafin na kai.

Tana nan. Tana tsaye bisa kujera, da abin sauraren ƙirji a kunnenta, ta miƙa hannu ta kafar hayaƙi. Wani ƙaton dutse ya sunkuyo daga waje ya kawo mata ƙirjinsa.

"Ja numfashi," ta ce masa. Ya ja, labulaye suka kaɗa. "Mura ce. Ka rage tsayuwa a waje."

Dutsen ya yi godiya ya koma wurinsa. Ta sauko, ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni kamar da safe muka rabu. Na tsaya ina kallonta. Kumatunta sun ciko. Barguna bakwai ne a jikinta, wani kan wani, kowanne da irin adonsa.

"Baba, lafiya? Me ya taso ka?"

"Wayarki ba ta shiga."

"Ai ta bi tumaki. Duk wayoyin nan haka suke yi in sanyi ya kawo kai. Za ta dawo da ƙiba."

Wata tsohuwa mai jan kallabi tana zaune gaban murhu tana juya tukunya. Barira ta ce ita ce Inna Burul, mai masaukin. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ita ma ta yi magana da Hausar Sakkwato.

"Kai ne uban? Ɗiyarka ɗiyata ta. Ba ta kwana da yunwa ba tun da ta zo. Kai ne dai ka rame."

Ta miƙo mini shayi da madara a kwano, da tsokar rago wadda duk inda na gatsa sai wurin ya sake cikowa. Na tambaya ina gabas, don la'asar ta yi. Ba wanda ya nuna mini. Bukkar ce ta miƙe, ta juya da mu gaba ɗaya, ta sake tsugunawa. Na yi sallata a natse.

Da na idar na miƙa wa Barira saƙon uwarta. Ta shinshina bargon. Sannan ta cire ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ta sa na gida a madadinsa, can ciki, wanda ke taɓa jikinta. Wanda ta cire ta lulluɓe ni da shi har wuya.

"Kwanta, Baba. Masaukin zai bi ta gida."

Na kwanta. Bukkar ta tashi, tana rangaji a hankali. Ina jin ƙarar cokalin Inna Burul a tukunya, ina jin Barira tana faɗa wa wani dutsen da ta gama dubawa ya turo na gaba. Wani nauyi da ke ƙirjina ya sauka ta kafaɗa, ya fita ta ƙafa.

Sai na ji ƙwar-ƙwar-ƙwar, ruwa yana dukan gindin bokitin ƙarfe. Famfon tsakar gida ne ya kawo bayan mako guda. Gari ya waye, matata Asabe tana tsaye a kaina da baho a hannu.

"Malam, tashi kafin su ɗauke. Wa kake ta ce wa ya ƙaro maka shayi?"

Na tashi zaune, na ce, "Asabe, yarinyar nan ta yi ƙiba."

Ta ajiye bahon. Sannan ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ɗauko jarka."